Inna, Nafi da Kwalbar Banila

Ranar wata Laraba da hantsi, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Tibiri, darakta, shugaban makarantar, ya leƙo ta taga ya yafito ni. Da na fita ya miƙo mini wayarsa, ya ce ƙanena Idi ne daga Yamai, ya yi ta kiran tawa ban ɗauka ba. Na kara ta a kunne. Idi ya yi sallama, sannan ya ce, "Yaya Balki, sai haƙuri. Allah ya yi wa Inna rasuwa ɗazu." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma cikin aji na ɗauki mayafina, yara suna kallona, na fice. Sai da mota ta yi nisa a hanyar Dogon Dutsi na lura allin da nake rubutu da shi yana hannuna. Na iso kafin la'asar, na tarar an yi mata wanka, ni kaɗai ake jira.

Sunanta Hajiya Rabi, amma a unguwarmu Rabi mai gato aka san ta. Fiye da shekara talatin tana gasa gato, wato kek, na suna da na biki, kuma ba ta taɓa mallakar injin gashi ba. Babbar tukunya ce da rairayi a ƙasanta, garwashi a kan murfi, da gwangwanayen da ta wanke ta goge har suna ƙyalli. Da wannan sana'a ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, har ni na zama malama, Idi ya zama ma'aikacin gona. Mace ce mai tsabta da tsari, ba ta son a yi mata magana tana awo. In mutum ya shigo da labari, komai zafinsa, sai ta ce, "Wanke hannu tukuna, sannan ki faɗa." Takan kuma ce, "Ba a gasa gato da hushi, shina ji." In ranta ya ɓaci, ta gwammace ta rufe kwano ta zauna har ta huce.

Masu ta'aziyya sun tuna mini abubuwa da yawa nata. Matar wani ma'aikaci da aka kawo garinmu daga nesa ta ce lokacin da ta haihu ba ta san kowa ba, Inna ce ta yi kwana bakwai tana dafa mata ruwan wanka, ba tare da an roƙe ta ba. Wata Bafulatana da ta daɗe tana kawo mata man shanu ta zo tun daga rugarsu a ƙafa, ta zauna bakin ƙofa tana kuka, ta ce shekarar da shanunsu suka ƙafe, Inna ta ce mata ta ci gaba da zuwa ranar kasuwa ko da ƙwarya wofi, abincinta yana nan. Duk wannan gaskiya ne, na gani da idona. Amma da wata maƙwabciya ta ce, "Allah ya ji ƙan Rabi, mace mai wasa da dariya," sai na sunkuyar da kai. Ina so in rubuta dalilin, domin ba na son in yi wa Inna addu'a da wani abu ɓoye a zuciyata.

Ni ce 'yar farinta. Kamar yadda aka saba a wurinmu, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Da aka yaye ni aka kai ni Matankari wurin kakata, sai da na kai shekara bakwai aka dawo da ni don a sa ni lakwal, wato makarantar boko. Tun daga nan nake gefenta, ina kaɗa ƙwai, ina tankaɗe gari, ina fifita garwashi. "Ke" take ce mini, da na fara aiki kuma ta koma ce mini "Malama". Ba ta taɓa dukana ba, ba ta taɓa barina da yunwa ba, kuma ban tuna ranar da ta dube ni ta yi dariya ba. Na san al'ada ce, na san ba ni kaɗai aka yi wa haka ba. Har na kai shekara arba'in da uku ina ganin abin bai dame ni ba. Na ɗauka haka Allah ya halicce ta, ba ta iya wasa ba.

Hutun makaranta na watan Disamba da ya wuce, na tafi gida kamar kullum. Idi ya riga ni da kwana biyu, ya kawo ɗiyarsa Nafisa, ya ce ta yi hutun wurin kakarta ko ta koyi Hausa, domin a Yamai Faransanci da Zabarmanci sun cinye mata baki. Shekararta takwas, siririya, mai giɓi a gaba, mai tambaya kamar an aiko ta. Tun daga zaure na ji wata dariya da ban sani ba. Na ɗauka baƙuwa muka yi. Da na shiga, sai ga Inna zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ɗankwalinta ya zame, tana wasan carafke da yarinya. Yatsun nan nata da suka kumbura, da take cewa ko allura ba sa riƙewa, su ne ke wurga tsakuwa sama suna cafewa.

"Sannu da zuwa, Malama," in ji ta, ta gyara ɗankwali. "Ya hanya?" Sannan ta juya ga yarinyar. "Ƙawata, gaida gwaggonki."

"Bonjur, Tanti."

"Ba Tanti ba. Ce Gwaggo, ina wuni."

Yarinyar ta faɗa a karkace, Inna ta sake fashewa da dariya har da tafi. Na tsaya da jakata a hannu ina murmushin yaƙe.

Kafin Idi ya koma, ya fito da tsarabar da ya yi wa Inna. An tura shi wani aiki a Madagaskar, ya sayo mata banila ta ainihi, dogayen ƙwanso baƙaƙe masu laushi, a naɗe cikin takarda. Duk shekarun nan garin banila na 'yan ƙananan ledoji na kanti Inna take sa wa gato, ba ta taɓa ganin abin da idonta ba. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta rufe ido ta daɗe. Idi ya ce a can jiƙa shi ake yi cikin barasa har wata da watanni, ruwan ya zama na ƙamshin gato. Inna ta ajiye shi nan take ta ce, "Ba cikin gidana ba." Idi ya yi dariya ya ce ya san haka za ta faɗa, shi ya sa ya taho da gilisarin irin na ci daga farmasi, shi ma yana yi, sai dai ya fi daɗewa.

Na tabbata ni za ta ce in zo mu haɗa. Wa ke gidan da ya san hannunta kamar ni? Har na wanke hannuna na ɗauko wuƙa. Sai ta ce, "Ƙawata, taho nan. Idona bai gani sosai, ke za ki tsaga." Ta zaunar da Nafi tsakanin ƙafafunta, ta riƙe hannunta a cikin nata, suka tsaga ƙwanson nan ɗaya bayan ɗaya, suka kankare baƙin tsakin da ke ciki. Yarinyar ta yanke guda biyu a karkace, ta shafa sauran a hanci, ta zubar da gilisarin kusan cokali uku a tabarma. Inna ta ce, "Tabarma ma ta samu rabonta." Ni kuwa ina shekara tara na taɓa sakin ƙwai biyu suka fashe, Inna ba ta ce uffan ba, ta dai dube ni, kuma na yi sati ina jin wannan kallo a bayana. Aikin da aka ba ni ran nan shi ne tafasa ruwa da wanke kwalba.

Da suka cika kwalbar suka toshe, Inna ta kafa doka. A ajiye ta cikin akwatin ƙarfe inda rana ba ta shiga, kada a buɗe ta, kuma kowace safiya Nafi ce za ta girgiza ta sau goma tana ƙirgawa da Hausa. "Yaushe za mu ci, Kaka?" in ji yarinyar. Inna ta ce, "Sai kin dawo babban hutu. Abin ƙwarai ba a yi mai gaggawa." Nafi ta ce in ta tafi wa zai riƙa girgizawa. Inna ta ce ita za ta yi, ta yi alkawari, ko kwana ɗaya ba za ta tsallake ba.

Sanyi ya yi ƙarfi a shekarar nan. Da safe sai Inna ta hura wuta a tsakar gida, ta naɗe Nafi cikin bargon da ta zo da shi daga Makka, wanda ni ban taɓa ganin an fito da shi daga leda ba, ta shafa mata man kaɗanya a ƙafa da leɓe. Suna jin wuta suna binne dankalin turawa cikin toka, in ya nuna Inna ta ɓare tana hurawa tana ba ta a baki. Da hantsi su tafi lambunan bakin tafki, su dawo da salati da tumatir da ƙafafu duk laka. Wata rana suka tafi gindin dutsen da garinmu ya samo sunansa. Inna, wadda in za ta hau dakalin ƙofa sai an kama ta, ta ce ta hau har inda take hango rufin gidanmu. Sun gina shanu da yumɓu suka jera a kan katanga. Inna ta koya mata waƙoƙin dandali na 'yanmatancinta, waɗanda ni ban ma san ta iya ba. Ita kuma yarinyar ta koya mata ƙirga da Faransanci, Inna tana lauya baki da gangan don a yi dariya.

Ba a hana ni bin su ba. Nafi takan ce, "Gwaggo, zo mu je," Inna kuma ta ce, "In Malama ba ta gaji ba." Ni ce nake cewa ina da takardun yara da zan duba. Sai in zauna a ɗaki da jan biro, shafi ɗaya a gabana har su dawo. Ina mace mai 'ya'ya biyu da suka zama samari, mai koyar da yara sa'o'in Nafi a aji, na zauna ina kishin ɗiyar ƙanena. Na san abin kunya ne tun a lokacin. Nakan yi istigfari bayan salla, amma da na ji dariyarsu daga tsakar gida sai abin ya dawo sabo. Da Inna ba ta iya wasa ba, da na haƙura kamar yadda na haƙura shekara da shekaru. Ganin ta iya shi ne ya yi mini zafi.

Wata rana da yamma ina yi wa Nafi kitso, kanta a kan cinyata, ta ce, "Gwaggo, don me Kaka ba ta faɗin sunanki? Ni tana faɗin nawa, tana faɗin na Baba. Ko kin yi mata laifi ne?"

Na ce al'ada ce, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari.

"Kunya kamar yaya? Ba ta son ki ne?"

Tambayar yaro ce, babu mugunta a cikinta. Na ce ta daidaita kanta, kuma na san na ja gashin nan fiye da yadda ya kamata, domin ta ce wash.

Washegari bayan sallar asuba, kafin a hura wuta, na shiga ɗakin ajiya na buɗe akwatin. Ba ni da wani dalili da zan iya faɗa. Na ɗauko kwalbar, ruwan ya fara yin ja kamar shayi. Na girgiza ta da ƙarfi, sannan na cire murfin da aka ce kada a cire, na kai hanci. Ƙamshin ya cika ɗakin. Ina cikin haka Nafi ta shigo a naɗe da bargo, da gudunta na kowace safiya, ta ja ta tsaya.

"Gwaggo, aikina ne. Kaka ta ce ba a buɗewa."

Na ce, "Tun ba a yaye ubanki ba nake aiki a ɗakin nan. Ke baƙuwa ce. Kwana nawa ya rage ki tafi?"

Ta dube ni, ta fashe da kuka. Inna ta shigo da carbi a hannu. Ta dubi yarinyar, ta dubi kwalbar a hannuna da murfin a ɗaya hannun. Na jira faɗa, har ina fatan ta yi, ko na samu bakin magana. Ta karɓi kwalbar, ta goge bakinta da gefen zane, ta rufe, ta miƙa wa Nafi. "Ba a yi komi ba, ƙawata. Yau ta samu sau biyu. Ƙirga mu ji." Yarinyar ta ƙirga cikin shessheƙa. Da ta kai goma Inna ta juyo, ba ta haɗa ido da ni ba, ta ce, "Malama, kununki na hucewa." A ranar na haɗa kayana na koma Tibiri, saura kwana uku hutu ya ƙare. Na ce aiki ne ya taso. Inna ta rako ni zaure ta ce Allah ya kiyaye hanya. Nafi ba ta fito ba.

Na yi sati shida ban je gida ba. Ina kira a waya mu gaisa, ta ce lafiya, in ce lafiya. Sai wata Asabar da azahar na ji sallama, na fito, ga Inna tsaye da 'yar jaka da wani abu a ƙunshe cikin zane ta rungume a ƙirji. Shekarata goma sha ɗaya a Tibiri ba ta taɓa takowa gidana ba, domin a ganinta uwa ba ta zuwa ta zauna gidan 'yar fari. Na ruɗe, na rasa abin da zan shimfiɗa mata. Bayan ta sha ruwa ta yi salla, ta kwance zanen. Kwalbar ce.

"Wuyan hannuna ya ƙi," in ji ta. "Shekaranjiya saura kaɗan ta suɓuce mini. Na yi wa yarinyar nan alkawali. Ki riƙe ta nan, ki dinga yi."

Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zo mini shi ne, ashe ko wannan zuwan don Nafi ne. Na karɓa na ajiye. Da la'asar muka zauna a inuwar katanga, na sayo rake na fere, na yayyanka mata ƙanana saboda haƙoranta. Muna cikin shan raken, sai na ji bakina ya faɗi abin da ban shirya ba.

"Inna, ashe kin iya carafke."

Ta daɗe tana tauna kafin ta amsa. "Duk Matankari ba wadda ta kai ni."

"Ban taɓa gani ba."

"Ina za ki gani?" Ta tofar da tuƙar raken a hannu. "Da anka haihe ki, gidan cike yake da surukai. In na ɗauke ki na wuce minti biyu, sai an yi ta yi mini dariya har dare. Ran da anka tahi da ke Matankari, bayan rumbu na je na yi kukana, na wanke ido na dawo na ci gaba da daka. Da kinka dawo kuma kin yi wayo, ni ma na saba. Sai aiki ya zo ya haye kanmu." Ta dube ni. "Na ɗauka kin sani."

"Ban sani ba, Inna."

"To," in ji ta. Ta miƙo hannu na zuba mata wani raken.

Iyakar maganar ke nan. Ba ta rungume ni ba, ba ta ce mini komai game da abin da na yi wa Nafi ba, kuma har ta tafi Malama take ce mini. Amma ta kwana uku. Ta duba tukwanena ta ce ban iya goge gindinsu ba, ta sa na sake wankewa. Ta ce in tsefe mata kai in yi mata kitso, abin da ban taɓa yi ba, na ga yadda gashin ya yi fari ya yi laushi kamar auduga. Ran da za ta tafi na raka ta tasha. Da ta zauna a mota ta leƙo ta ce, "Sau goma. Kar ki yi da hushi." Na ga gefen bakinta ya motsa. Ban sani ba ko dariya ce. Na sake ganinta sau biyu a Dogon Dutsi bayan nan, duka a gurguje, sai kuma ranar Larabar nan.

Idi ya iso da iyalinsa a daren rasuwar, bai samu jana'iza ba. Kwana biyu Nafi tana maƙale da uwarta, in na shigo ɗaki sai ta sauke ido. Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu da rana, Idi ya ce yana da wani abu da yake so in gani. Ashe safiyar da zai koma Yamai, lokacin hutun, ya ɗauki bidiyonsu a wayarsa. Ga Inna a bakin wuta, ga Nafi a cikin bargo tana koya mata faɗin goma sha huɗu da Faransanci. Inna ta faɗa a karkace, yarinyar ta faɗi ƙasa don dariya, Inna ma ta riƙe ciki tana share hawaye. Na kalla ina kuka, kuma a cikin kukan ina jin kishin nan yana nan daram, domin ni ba ni da ko minti ɗaya irin wannan da zan ce nawa ne.

Sai na ji wata murya daga cikin ɗaki, a bayan hoton, mai kaifi: "Don Allah a rage surutu, mutum yana aiki." Muryata ce. Ban ma tuna na faɗa ba. A cikin bidiyon Inna ta haɗiye dariyarta nan take, ta gyara ɗankwali, ta ɗora yatsa a leɓe tana duban Nafi. Fuskarta ta koma wadda na sani tun ina yarinya. A nan bidiyon ya ƙare.

Na daɗe zaune da wayar a hannu. Shekara da shekaru ina ganin ita kaɗai ce ta tsare gida a gabana, ban taɓa tunanin yadda tawa fuskar take a gabanta ba. Na tashi na je inda Nafi take zaune a gindin katanga, kusa da shanun yumɓunsu da suka fara farfashewa. Na durƙusa har ƙasa, na ce, "Nafi, na yi miki laifi ran nan. Ke ba baƙuwa ba ce, gidanku ne. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta. Sannan ta ce, "Kaka ta ce a waya kwalbar tana wurinki. Kina girgizawa?"

Na ce kullum, sai kwana ukun nan da nake nan.

"Kina ƙirgawa?"

Na ce ina ƙirgawa.

"To na yafe," in ji ta. Ta kwantar da kanta a kafaɗata ta yi kukan da ta riƙe tun zuwanta. Da ta lafa ta ce ba ta son babban hutu ya zo, domin ba ta san inda za ta ba. Na ce ta zo Tibiri, akwai rake, akwai tukunya da rairayi, na san awon Inna duka a kaina. Ta ce sai ta yi tunani. Bayan sati biyu Idi ya kira ya ce ta gama tunanin, za ta zo, har ta ce a gaya mini kada in buɗe kafin ta iso.

Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san Rabi mai gato su san cewa duk alherin da suka shaide ta da shi gaskiya ne, kuma abin da ya rage tsakanina da ita, rabinsa nawa ne. Ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata tun tana ƙuruciya ba ta yi ƙorafi ba, ta ciyar da na kusa da na nesa, ta cika alkawarin da ta yi wa yarinya 'yar shekara takwas har sai da ta shiga mota da ciwon hannu don kada ta saɓa. Ba zan ce kishin ya fita daga raina gaba ɗaya ba. Har yanzu in na kalli bidiyon nan yana motsawa, kuma ina kallonsa kusan kullum.

Ya Allah, ga baiwarka Rabi ta iso gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata mata makwancinta, ka haskaka shi. Ka sa yunwar da ta kashe wa bayinka da ɗawainiyar da ta yi da marayunta su zama nauyi a mizaninta, ka haɗa ta da mahaifinmu a Aljannar Firdausi. Ka ba Idi da iyalinsa haƙuri, ka ba 'ya'yana da 'yan'uwanta na Matankari da maƙwabtanta juriyar rashinta. Ka raya Nafisa, ka shirye ta, ka saka mata da alheri a kan farin cikin da ta ba tsohuwar nan a sanyinta na ƙarshe, wanda ni ban iya ba ta ba. Ni kuma ka yafe mini abin da na yi da wanda na kasa yi, ka wanke mini zuciya, ka sassauta mini fuska da harshe kafin yarinyar nan ta yi sallama a ƙofata. Amin.